Rigar da Ƙanin Matata Ya Buga Min, da Abin da Ya Faru a Kilomita na 34

Tunda bidiyon faɗuwata a gudun fanfalaki na Nairobi ya riga ya gama zaga zaurukan WhatsApp na dangi, har ya tsallaka na 'yan layinmu a kasuwa, bari ni ma in faɗi nawa kafin ƙanin matata ya gama rubuta min tarihi. Eh, ni ne kwance a bakin titi. Eh, jini ne a gaban rigar. A'a, ba harbina aka yi ba. Matar da ke riƙe da ƙafata kuma ban san ta ba, ban karɓi lambarta ba, wanda ya fara yaɗa cewa na karɓa kuwa ya san kansa, za mu haɗu a ɗaurin auren Asabar.

Mafarin kun san shi. Likita ya ce a rage tumbi, Koci ya ce gudu ne maganinsa, yaron nan, ƙanin matar tawa da ke karatu a Nairobi, ya ce ai suna da gudun fanfalaki duk watan Oktoba, in zo ga masauki kyauta. Kafin in ce uffan an yi min rajista, an turo min rasit wai in biya. Kilomita 42 da mita 195.

Maganar horo kada wanda ya yi min ƙazafi, na yi shi bisa ƙa'ida. Sabon shiga ana ba shi mako 16 zuwa 18, shi muka bi tun cikin damina. Fita huɗu a mako bayan sallar asuba: uku gajeru, kilomita 6 zuwa 10, sai dogo ranar Lahadi. Ba a ƙara wa jimillar mako fiye da kashi ɗaya cikin goma na makon da ya wuce, kuma duk mako na huɗu ana ragewa don gwiwa da agara su huce. Dogon yana hawa a hankali har ya kai kilomita 32 ana saura mako uku a yi gasa, daga nan sai a riƙa zaftarewa. Ba a yin 42 ɗin a horo, don wanda ya yi, jikinsa ba zai gama warwarewa ba ranar za ta zo. Takalmi a sayi wanda ya ɗara ƙafa da faɗin babban yatsan hannu, saboda ƙafa tana kumbura a dogon gudu, in ba ta samu wuri ba farce ne zai biya.

Ga kuma cin abinci ana gudu, abin da 'yan layinmu suka mayar abin dariya. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta bai fi rabin kilo ba, kuma wajen kilomita 30 yake ƙarewa. Don haka ake so mai gudu ya riƙa shigar da giram 30 zuwa 60 na sukari duk awa, tun kafin ya ji yunwa. Ƙaramin dabino ɗaya bai wuce giram 5 ko 6 ba, wato shida zuwa takwas ke nan a awa. A cire ƙwallon tun a gida, kuma a nemi mai laushi, don busasshen nan na Agadas ba ya taunuwa ga mai haki. Ruwa kimanin leda ɗaya ta fiya wata a awa, kurɓi-kurɓi, sai ruwan gishiri da sukari irin wanda ake haɗa wa mai gudawa a gora daban. Da wannan tsarin na daidaita a kan minti 6 kowace kilomita a wajen Filin Sukuwa, ina gudu ina ba Koci labarin farashin shadda. Lissafi ya ba da awa 4 da minti 13. Har a bangon shago an rubuta, kuma ba ni na rubuta ba.

Abin da lissafin bai san da shi ba shi ne tudu. Kano ba ta kai mita 500 sama da teku ba. Nairobi tana tsakanin 1,700 da 1,800, kusan daidai da ƙololuwar Dutsen Shere na Jos, a can sama aka shimfiɗa birni guda. Mutane sukan ce wai oksijin ne babu a tudu. Yana nan, kashi 21 cikin ɗari na iska, a Legas haka, a Nairobi haka. Nauyin iskar ne ke raguwa, ta yi sako-sako, sai numfashi ɗaya ya kawo wa huhu abin da ya gaza na bakin teku da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Zuciya ce ke cike giɓin da yawan bugu.

Koci ya ce duk wannan zancen Turawa ne, wanda ya yi gudu a zafin Kano ya gama da kowane tudu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don horo cikin zafi yana ƙara ruwan jini. Amma abin da tudu ke nema jajayen ƙwayoyin jini ne, masu dakon oksijin. Mutum na hawa, cikin kwana ɗaya ko biyu ƙoda za ta saki sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙara ƙera su, sai dai aikin yana cin mako uku zuwa huɗu, kuma sai da isasshen sinadarin ƙarfe a jiki. Shi ya sa manyan 'yan gudun duniya ke tarewa a garin Iten na Kenya, mita 2,400, su yi wata ko fiye. Shahararren ɗan gudun Kenya Eliud Kipchoge ma a Kaptagat yake horo, tsayin kusan ɗaya ne. Mu kuwa da Koci ya ga na dame shi sai ya ce mu je Jos ƙarshen mako. Jos mita 1,200 ce da 'yan kai. Mun je, mun ci dankali, mun sha sanyi, mun dawo da ƙwayoyin jinin da muka tafi da su, sai buhun kabeji.

Wanda ba shi da wata guda na zama a tudu, shawarar da aka saba ba shi biyu ce: ko ya sauka ana saura mako biyu zuwa uku, ko ya sauka ana gobe gasa, ya yi gudunsa kafin jiki ya gane inda aka kawo shi. Tsakiyar ce mugun wuri. A kwanakin farkon nan jiki yana zubar da ruwa, fitsari ya yawaita, busasshiyar iska tana ɗebe wani ruwan ta numfashi, ruwan jini ya ragu, barci ya lalace, sababbin ƙwayoyin kuma ba su iso ba. To wa ya nemo tikiti? Yaron nan. Wai na Alhamis ya fi araha. Gudu ranar Lahadi. Ku lissafa da kanku.

Ɗakinsa a hawa na huɗu yake. Ni da na yi kilomita 32 a Kano, sai ga ni a hawa na biyu na dafa bango ina neman iska. Bugun zuciyata na farkawa barci, wanda ya saba zama ƙasa da 60, ya haura 70. Dare kuwa a hanyar banɗaki na kwana. Na yi masa bayanin duk abin da na rubuta muku a sama, tiryan-tiryan, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Yaya, tsufa ne kawai."

Daren Asabar ya kai ni Isli, unguwar Somaliyawa, muka ci taliya da ayaba, wanda daidai ne ga mai gudu gobe. Ya matsa in sha nonon raƙumi na ƙi, don dokar farko ta wannan harka ita ce ranar gasa da jajiberinta ba a gwada sabon abu: ba abinci, ba takalmi, ba safa, ba riga. Ku riƙe wannan, don a san ina sane da dokar. Rigata mai santsi, wadda ba ta riƙe gumi, ta sha wanki ta yi laushi, tana rataye har na maƙala mata lambar ƙirji. Muna komawa gida ya zaro wata farar riga ta auduga, sabuwa fil, da ƙaurin fenti, an buga mata manyan baƙaƙe a gaba: KANO TA DABO, KO DA ME KA ZO AN FI KA. Na ce ba zan sa ba. Ya kira yayarsa ta bidiyo. Ta ce, "Haba Alhaji, yaro ya kashe kuɗin makarantarsa don ya faranta maka." Duk mai aure ya san nan aka rufe shari'a.

Auduga tana shan gumi ta yi nauyi, ta manne, tana gogar fata a kowane taku, kuma gudun nan taku dubu 40 ne ko fiye. Inda ya fi shan wuya a jikin namiji shi ne kan nono. Maganinsa basilin mai yawa, ko filastar da ruwa ba ya ɗagawa, a kan fatar da aka aske. Basilin ɗina na nemi sama da ƙasa, ashe yaron ya ƙarar da shi a kaushinsa. Filastar da ya samo min a kanti irin ta yankan reza ce. A kilomita na 10 na ji ta zame ta gangara cikin wando.

Safiyar Nairobi mayaudariya ce ga mutumin Kano. Sanyi mai daɗi, iska wasai, ga dubban mutane suna ture ka gaba. Na tsara zan ƙara sakan 20 a kan kowace kilomita saboda tudu, wato minti 6 da sakan 20. Na duba agogo a kilomita na 5 na ga 5 da 50, kuma jikina bai ce komai ba. Haka tudu yake, ba ya magana da wuri. Shaidarsa tana wuri biyu. Bugun zuciya, wanda a Kano yake tsayawa wajen 148 a irin wannan saurin, ya kai 165. Sai magana: in ba za ka iya faɗin jimla guda ba tare da ka yanke ta ka ja numfashi ba, ka wuce gejinka, ko me agogo ya ce. Kuma duk sanda zuciya ke can sama, jiki sukari yake ƙonawa ya bar kitse, sai ajiyar nan ta kilomita 30 ta ƙare tun kafin a kai. Ga rana da ta ɗaga tana ƙuna, don a tudu kusa da tsakiyar duniya ba ta da shamaki sosai. Gumi yana bushewa nan take, mutum ya ɗauka bai yi ba, sai ya shafa fuska ya ji gishiri. An ce daga titin ana hango gandun namun daji. Ni dai kwalta na gani.

Yarjejeniyarmu da yaron nan mai sauƙi ce. Ya tsaya a alamar kilomita 30 da leda ta biyu ta dabino da gorar ruwan gishiri. Aiki ɗaya tak. Na iso 30 ƙafafuna sun fara zama na aro, ba shi. 31, ba shi. 32, na fara ganin ɗigo-ɗigo a iska. 33, na fara yafe wa waɗanda nake bi bashi a zuciyata, ban da mutum biyu. Sai a 34 na hango shi a ƙarƙashin wata gada, wai can ya fi inuwa, kuma hoto ya fi fita. Waya a hannun dama tana ɗauka, leda a hannun hagu. Ledar da na cika da hannuna, saura 'yan ƙwayoyi a gindinta. Wai jira ya yi tsawo.

Yanzu ku buɗe bidiyon, ku bi ni a hankali, don akwai abin da ba ya fitowa. Ya miƙo ledar yana kallon waya, bai kalle ni ba, dabino ɗaya ya faɗi ƙasa. Mutumin da sukarinsa ya ƙare ba ya tunani irin na masu hankali, dabinon nan a idona ya fi gida da mota. Na sunkuya. A daidai nan sharaɓar dama ta ɗaure tamau, ta dunƙule har ana ganinta ta cikin wando. Maganin ɗaurewar sharaɓa shi ne a miƙe gwiwa a jawo yatsu sama. Na miƙe gwiwa, sai gaban cinyar wannan ƙafar ita ma ta kama. Ita kuma maganinta a lanƙwashe gwiwa. Ƙafa ɗaya, buƙata biyu masu gaba da juna. Na lanƙwasa, sharaɓa ta yi ihu. Na miƙe, cinya ta yi ihu. Na nemi in dogara da ta hagu, ta ce ita ma ba da ita ba. Abin da kuka gani kamar rawa kafin in faɗi, shawara ce ake yi tsakanin gaɓoɓi.

Kalmar da na faɗa da na kai ƙasa, eh, "Wayyo Inna" ce. Ba na musu, sauti ya fita sarai. Abin da nake so a lura da shi shi ne muryar da ke bayan wayar, cikin natsuwa, tana cewa, "Jama'a ga Yaya nan, ya ce zai ɗan huta." Bai ajiye wayar ba. Ya ma matsa baya don in shiga hoton gaba ɗaya.

Sai ga ta. Dattijuwa ce, furfura fal kanta, siket har ƙasan gwiwa, da lambar ƙirji irin tawa, wato gudu ɗaya muke yi. Na gane ta, don na wuce ta wajen kilomita na 8, har na ɗaga mata hannu na ce sannu Mama, cikin tausayi, ina cewa a raina 'ya'yanta ba su kyauta ba da suka bar ta ta fito. Ta tsaya a kaina. Abin da ya fi ci min rai har yau, kafin ta taɓa ni sai da ta danna agogonta ta tsayar da shi. Wato ni ba na cikin lissafin gudunta, hutun talla ne. Ba sallama, ba neman izini, ta cafki ƙafata ta ɗaga sama, ta dafe gwiwar da hannu ɗaya, ta tura yatsun da ɗaya hannun, tana ƙirgawa a fili har 30. Ga ni rigingine, ƙafa a sama, kamar ragon layya da ake shirin fiɗa, magidanci mai 'ya'ya, a ƙasar mutane. Da sharaɓar ta saki sai ta mirgina ni gefe ta lanƙwasa ƙafar baya don cinyar, wata 30 ɗin. Ta san aikinta, wannan ba zan hana ta ba. Ɗaurewar nan gajiyar tsoka ce ke kawo ta, musamman ga wanda ya fara da sauri, rashin gishiri ya ƙara mata, kuma miƙewa a hankali ne kaɗai ke sakinta nan take.

Da ta zaunar da ni ne ta ga gaban rigar. Ni ma sai lokacin na gani. Layi biyu ja, daga ƙirji har ciki, sun ratsa ta tsakiyar rubutun, ɗaya ta kan DABO, ɗaya ta kan AN FI KA. Ta nuna rubutun ta tambayi yaron da Turanci me aka ce. Yaron da aka aika da dabino ya kasa, wannan aikin kam ya yi shi da cikakkiyar amana, har da nuna ni da yatsa. Ta dube ni, ta dubi rigar, ta gyaɗa kai a hankali. Da ma dariya ta yi, da ya fi min sauƙi.

Ta kwance wani ɗan ƙulli a ƙugunta ta ba ni gishiri ɗan tsunkule da rabin ayaba, ta danna agogonta, ta tafi. Na bi ta da kallo. Taku gajeru, ƙafa ba ta nisa da ƙasa, kafaɗa a sake, saurin da na raina a kilomita na 8 shi ne dai a na 34, bai ƙaru ba bai ragu ba. Kuma duk maganar da ta yi a kaina jimloli ne cikakku, ba haki ko ɗaya. Har yanzu in na kwanta sai in riƙa tunanin shekarunta. Na ba ta 60. Yaron ya ce ta fi, kuma na san don ya ƙona min rai ya faɗa.

Sauran kilomita 8 ɗin ba su da labari. Gudu minti ɗaya, tafiya minti ɗaya, taku gajeru, kurɓin ruwa a kowane tebur, kuma ko an ba ka kujera kada ka zauna, don ba za ka tashi ba. Na riƙe rigar da yatsu biyu nesa da ƙirji, abin da ya sa a hoton ƙarshe na fito ina tafe ina ɗage riga. Da na ga alamar 42 na ɗauka an gama, na manta da mita 195 ɗin nan da aka gada daga gasar Olamfik ta Landan a 1908, aka kuma tabbatar da su a 1921. A cikinsu na yi wa Turawan Ingila addu'o'in da ba zan maimaita ba. Amma na tsallaka layin da ƙafafuna, an rataya min lambar yabo. Masu tambayar lokaci, marigayi Kelvin Kiptum, ɗan gudun Kenya, ya yi wannan tsawon a Shikago a 2023 cikin awa 2 da sakan 35. Da tare muka tashi, da ya yi sau biyu, ya yi wanka, ya karya kumallo. Iyakar abin da zan ce ke nan. Mama kuwa na same ta zaune a kan ciyawa, ta cire takalmi, tana cin gasasshiyar masara. Ta ɗago min hannu, irin ɗagawar da na yi mata.

Na kunna waya ina jiran barka. Saƙon uwargida ne a sama, kalma biyu: "Wace ce?" Kawu ya kira yana salati, wai an ce masa 'yan bindiga ne. Surukata, wadda ban taɓa zama a gabanta ba hula ba, ta ga ƙwaurina a sama, ta aiko a gaya min tana yi min addu'a. Inna ce kaɗai ta ji daɗi, ta ce ashe har yanzu ita nake kira.

Wankan ranar ba zan ba da labarinsa ba, duk wanda ruwa da sabulu suka taɓa sauka masa a kan gogaggiyar fata ya sani. Ciwon tsoka sai a kwana na biyu yake kai ƙarshe, wato daidai ranar da zan sauko daga hawa na huɗu da akwati. Da baya da baya na sauko, don haka ya fi sauƙi ga cinya, yaron yana gaba yana ɗauka, wannan bidiyon bai sake shi ba tukuna, ya ce sai Sallah. Sallar kwanakin nan a kujera na yi ta. Farcen babban yatsan hagu ya yi baƙi duk da faɗin takalmin, yanzu yana lilo.

Jiya yaron ya turo min saƙo wai kuɗin buga rigar bashi ya ci, in taimaka. Koci kuma ya zo shago ya ce a yi rajistar na Legas na watan Fabrairu, can babu tudu, sai zafi da laima, kuma wai zafi ai namu ne. Na ce masa zan duba. Wanda ya ari tocilan ɗina na fita asuba dai ya dawo min da ita.